Katangar Siminti, Dutse, Jema ko Ja da Baya: Me Ya Dace da Gaɓar Koginmu?

Da ruwa ya janye a ƙarshen daminar da ta wuce, mun tarar gaɓar kogi ta matso har tsakaninta da shingen maƙabartar garinmu bai fi taku 20 ba, alhali kuwa a wannan fili ne ake sussukar gero lokacin da muke yara. Tsohon mangwaron da masunta ke ɗaure kwale-kwale a gindinsa ya kwanta cikin ruwa, saiwoyinsa suna kallon sama. Ƙungiyar ci gaban gari ta tara gudummawa daga 'yan asalin garin da ke Kano da Abuja da Legas, aka zauna a ƙofar gidan Dagaci har sau uku, amma ba a tsayar da magana ɗaya ba. Wasu na son katangar siminti, wasu na son a kawo dutse, wasu na ganin a yi shuka, ƙalilan kuma na cewa a bar wa ruwa wurinsa a matsa gaba. Ina rubuta wannan ne domin mu da sauran garuruwan da ke bin Kogin Hadeja, tun daga Wudil zuwa Ringim har Auyo da Hadeja, saboda kuɗin da talakawa suka tara da gumin goshi ba ya isa a gwada abu sau biyu.

Mu dai ba mu da teku, amma mutanen bakin teku sun daɗe suna fama da irin wannan zaɓi, sun gwada dukkan hanyoyin nan huɗu da dukiya mai yawa, kuma sakamakon aikinsu yana nan a fili ga mai son ya duba. Iska ce ke haifar da igiyar ruwa, kuma girman igiyar ya danganta da ƙarfin iskar, da tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa kafin ta iso tudu. Ruwa abu ne mai nauyi ƙwarai, domin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, idan aka cika shi da ruwa, nauyin ruwan tan ɗaya ne. Idan irin wannan nauyi ya doki gaɓa, yakan cusa iska da ruwa cikin tsagogin ƙasa ya buɗa su, yakan kuma ɗauko yashi da tsakuwa ya goge gindin gaɓar da su kamar yadda ake goge ƙwarya. Gindi ne kullum ke fara cinyewa. Saman gaɓa yana nan tsaye da ciyawarsa kamar ba abin da ya same shi, har ranar da abin da ke riƙe da shi ya ƙare ya rufto gaba ɗaya.

Aiki na biyu na igiyar ruwa shi ne jigila, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Igiyar kan iso bakin teku a karkace, ta tura yashi sama a karkace, sannan ruwan ya koma da shi kai tsaye, don haka a hankali yashin yana tafiya gefe guda. A gaɓar Legas yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka sun gina dogayen shingayen dutse a mashigar tashar jiragen ruwa domin kada yashi ya toshe hanyar jirage. Hanyar ta buɗe, amma yashin ya riƙa taruwa a yammacin shingen, gabas kuma, wato Bar Beach, ta daina samun rabonta, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Ba wanda ya yi niyyar cutar da wannan gaɓa. An tare yashi ne a wani wuri, yunwar ta bayyana a wani wurin.

Haka koginmu yake, sai dai shi gudunsa ne ke yin mafi yawan aikin. Duk inda kogi ya yi kwana, ruwan ya fi gudu da zurfi a bayan kwanar, a nan yake cin gaɓa, a cikin kwanar kuma yana ajiye rairayi, shi ya sa muke rasa ƙasa ta wajen maƙabarta yayin da masu noman rani na tsallake ke samun sabon fili. Baba Sarkin Ruwa ya taɓa nuna mini wani abu da na daɗe ina gani ban lura da shi ba, wato gaɓa ba ta cika faɗuwa lokacin da ruwa ya cika ba, sai bayan ya fara sauka. Dalili kuwa shi ne ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, kogin da ke dafe da ita ya janye hannunsa, ruwan da ke cikinta kuma yana tsatsowa waje yana jan yashi. Ya kai ni gindin gaɓar da sassafe, na ga ƙananan idanun ruwa suna fitowa daga jikinta, kowanne da ɗan tulin rairayi a ƙarƙashinsa. Igiyar ruwa ma muna da ita, domin idan ambaliya ta shafe fadama ta zama shimfiɗa ɗaya, kamar yadda aka gani a wurare da yawa na Jigawa a 2022, iskar hadari kan tayar da igiyar da ke lasar jinga dare da rana. Sai kuma abubuwa biyu na zamani: madatsun Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, suna riƙe yashin da ke gangarowa daga sama kamar yadda kowace madatsa ke yi, masu tifa kuma suna kwasar wanda ke cikin kogin. Ruwan da ya rasa kayan ɗauka yakan nemi abin ɗauka daga gindinsa da gaɓoɓinsa.

Katangar siminti ita ce ta fi farin jini a zamanmu, kuma na fahimci dalili. Ana ganinta, ana iya ɗaukar hotonta a tura wa waɗanda suka bayar da gudummawa, ba ta cin fili, kuma idan an yi ta yadda ya kamata tana kare abin da ke bayanta. Legas ta bi wannan hanya da ganuwar da ke kare Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka yi a gaban Bar Beach, ganuwar da aka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5, aka lulluɓe ta da curin siminti masu nauyin tan 5 kowanne a kan tulin duwatsu. Amma a lura cewa ko ita ba miƙaƙƙen bango mai santsi ba ce. An yi ta a kwance, mai ƙwararo-ƙwararo, domin ƙarfin ruwa ya watse a cikinta. Miƙaƙƙen bango ba ya shanye ƙarfin ruwa, mayar da shi yake yi, ruwan ya juya ƙasa ya haƙe gindin bangon. Idan harsashin bai wuce zurfin da ruwa ke iya haƙawa ba, bangon zai wayi gari a rataye. Idan ba a bar masa ƙananan kafofin fitar ruwa ba, ruwan da ke cikin ƙasar bayansa zai turo shi gaba daidai lokacin da kogi ke sauka. Idan kuma ba a cusa bakunansa biyu cikin tudu sosai ba, ruwa zai zagaya ta bayansa ya bar shi tsaye a tsakiyar kogi.

Na ga wannan da idona a wani gari da ba shi da nisa da mu, inda aka gina bango mai kyau da bulo da siminti a bakin ruwa. Damina biyu ya yi. A ta uku ya tsage daga sama har ƙasa, kashi ɗaya ya kifa, baraguzan suka zama abin da ke karkato da ruwa zuwa gidajen da aka so karewa. Siminti ba ya lanƙwasa, ba ya bin ƙasa idan ta zauna, kuma gyaransa ba aikin gayya ba ne, sai an sake neman magina da kuɗi. Bangon da zai tsaya a irin ƙasarmu mai rairayi yana bukatar injiniya da gwajin ƙasa da rodi da harsashi mai zurfi, abin da muka tara kuwa ba zai yi mana irin wannan ba sai a ɗan gajeren wuri. Wanda kuɗinmu zai iya yi a tsawon gaɓar duka shi ne irin wanda ya kifa.

Buhunan yashi ba sa cikin wannan gasa. Sun ceci garuruwa da yawa a daren ambaliya, kuma matasan da ke kwana a kan jinga suna cika su sun cancanci addu'a, amma rana na cin buhun leda kafin wata damina ta zagayo.

Dutse ya fi siminti dacewa da halin ruwa. Ana iya jibge manyan duwatsu a gangaren gaɓa, ko a ɗura matsakaita cikin kwandunan waya masu kusurwa huɗu a jera su kamar matakala. Hausawa na cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, to a wannan aiki raunin kwandon shi ne amfaninsa, domin ruwan da ke cikin gaɓa yana fita ta tsakanin duwatsu ba tare da ya turo su ba, ƙarfin kogi kuma yana karyewa a cikin ramukan. Idan ƙasa ta zauna, kwandon kan lanƙwasa ya bi ta. Matasanmu za su iya ɗura shi da hannu, kuma idan ɗaya ya lalace ana gyara shi shi kaɗai. Sharuɗɗansa biyu ne da ba a wasa da su. Dole a shimfiɗa tsakuwa ko yadin tace ruwa a bayansa, in ba haka ba rairayi zai riƙa zurarewa ta ramukan har bayan ya zama kogo. Dole kuma a shimfiɗa kwanduna marasa kauri a gindinsa su shiga cikin kogin, domin idan ruwa ya haƙa su faɗa cikin ramin su rufe shi.

Aibinsa na farko shi ne waya, wadda yashi ke gogewa, tsatsa ke ci, masu jari-bola kuma ke iya yankewa. Na biyu shi ne nisa. Ƙasarmu ta kwarin Hadeja rairayi ce da laka, ba mu da dutse, sai an ɗauko daga wajajen Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure, kuma kwando ɗaya mai mita ɗaya ta kowane ɓangare yana cin dutsen da ya haura tan ɗaya da rabi. Duk wanda ya san kuɗin tifa a yau ya san cewa jigila za ta iya cin fiye da dutsen kansa.

Akwai masu ba da shawarar a yi yatsun dutse, wato gajerun shingaye da ke shiga cikin kogi su kore gudun ruwa daga gaɓa. Suna aiki, amma a nan ne haƙƙin maƙwabci ya shigo. A gaɓar Holderness da ke gabashin Ingila, inda teku ke cin kimanin mita 2 na ƙasa a shekara, an kare ƙauyen Mappleton a 1991 da yatsun dutse biyu da shingen duwatsu. Ƙauyen ya tsira, yashi ya taru a gabansa, amma gonakin da ke kudu da shi suka riƙa rushewa da sauri fiye da da, saboda yashin da ke kare su ya tsaya a Mappleton. A kogi mai ƙunci irin namu, ruwan da muka kora ba zai ɓace ba, zai doki tsallake ko ya sauka a kan garin da ke ƙasa da mu, wanda muke auratayya da shi muke cin kasuwa ɗaya. Ba na goyon bayan a sa ko yatsa ɗaya sai an kira injiniya ya auna, an kuma zauna da dagatan garuruwan da abin zai shafa. Hanyar da ƙasar Holan ta bi a 2011, lokacin da ta zuba yashi mai yawan mita miliyan 21.5 na awon cika a wuri ɗaya ta bar teku ya rarraba shi, ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, amma tana koya mana darajar yashi. Abin da muke iyawa shi ne mu hana tifa ɗiba a kusa da kwanar gari.

Shuka ita ce mafi araha, ita ce kuma aka fi rainawa a zamanmu, har wani dattijo ya ce bai ga yadda ciyawa za ta tsayar da abin da ya kayar da mangwaro ba. Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin bambancin saiwa. Babbar bishiya a bakin miƙaƙƙiyar gaɓa nauyi ce, iska na girgiza ta, ranar da ta faɗi kuma takan tafi da ƙasa mai yawa. Jema kuwa, wadda iyayenmu suka sani a fadama suke yin jinka da zana da ita, ba ta da nauyi a sama, saiwoyinta sirara ne masu yawan gaske da ke sauka kai tsaye har mita 2 zuwa 3 ko fiye, su saƙe ƙasa kamar taru. Idan aka dasa ta layi-layi, tazarar tafin hannu tsakanin tushe da tushe, takan haɗe ta zama shinge mai rage gudun ruwa, laka ta kwanta a bayansa. Tana jure nutsewa na makonni, tana tofowa bayan gobara. Irin aikin da dazukan mangurob, bishiyoyin da ke tsiro cikin ruwan gishiri, ke yi ke nan a bakin tekun Neja Delta, inda saiwoyinsu ke karya igiyar ruwa su riƙe taɓo. A bayan layukan jema, nesa kaɗan da baki, ana iya sa bagaruwa da giyayya, waɗanda ba sa tsoron tsayuwar ruwa.

Sai dai gaskiya ita ce jema ba ta tsiro a jikin gaɓar da ta miƙe kamar bango. Dole a fara sassabe gaɓar a kwantar da ita, kowane taku ɗaya na tsayi a ba shi aƙalla taku biyu na kwance, wannan kuwa yana nufin masu gonakin baki za su sadaukar da wani yanki tun kafin ruwa ya karɓa. Tana bukatar ban ruwa a watannin farko, da shingen ƙaya saboda awaki, da fahimtar juna da makiyaya a ware musu mashaya sananniya. Tana bukatar damina ɗaya ko biyu kafin ta yi ƙarfi, kuma babbar ambaliya a shekarar farko na iya wanke ta. Abu mafi muhimmanci, ba ta iya kare gindin da ke ƙarƙashin ruwa duk shekara, wanda kuwa shi ne inda ɓarnar ke farawa a bayan kwana. A wurin da kogi ya miƙe jema kaɗai ta isa. A bayan kwana sai an haɗa ta da dutse a ƙasa.

Wani matashi ya kawo shawarar a haƙa sabuwar hanya a tsallake domin kogin ya miƙe ya bar mu. Ina roƙon a yi nesa da wannan. A watan Oktoban 2003, domin a ceci birnin Saint-Louis na Senegal daga ambaliyar kogi, an yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku. Ruwan birnin ya sauka, amma hanyar ta yi ta faɗaɗa har ta kai kilomitoci, teku ya shigo ya cinye ƙauyen Doun Baba Dieye, gishiri ya lalata gonaki. Kogin da aka gajarta wa hanya gudu yake ƙarawa, kuma ba mai iya cewa ga inda zai tsaya.

Ja da baya shi ne zaɓin da ya fi ɗaci, ba kuma na faɗinsa da sauƙin baki, domin gidan da aka haifi mahaifina yana layi na biyu daga gaɓa. Amma ko Holan, wadda ta daɗe da yin suna wajen yaƙi da ruwa, musamman bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mata mutum 1,836, ta kai ga yarda da shi a wasu wurare. Bayan kogunanta sun cika a 1993 da 1995, har aka kwashe mutane kusan 250,000 a karo na biyu, sai ta fara shirin ba wa kogi sarari, kuma a daura da birnin Nijmegen an mayar da jinga baya da mita 350, wasu iyalai suka tashi. Sun lura cewa matse kogi yana ɗaga ruwansa ne, kuma ranar da jinga mai tsayi ta ɓalle ɓarnarta ta fi yawa. A wurinmu ja da baya ba lallai ne ya zama tashin gari ba. Yana iya zama yarjejeniya cewa ba za a ƙara aza sabon gini tsakanin hanyar kasuwa da kogi ba, duk saurayin da zai yi aure a yanka masa fili a kan tudu, sababbin kaburbura kuma a fara su a wani wuri. Tsadarsa tana cikin neman fili daga Hakimi da ƙaramar hukuma, da haƙa rijiya a sabuwar unguwa, da raba maƙwabtan da suka saba. Fa'idarsa ita ce shi kaɗai ne ba ya bukatar gyara duk shekara, ba ya kuma tura ruwa kan kowa.

Idan aka tambaye ni a zama na gaba, zan ce a daina neman amsa ɗaya ga gaɓar duka, a bi ta da ƙafa a raba ta gwargwadon abin da ke bayanta. Daga mashayar shanu zuwa ƙarshen maƙabarta, inda kwanar ta fi ci kuma abin da ke wurin ba ya ɗaukuwa, a nan za a zuba kusan duk kuɗin: kwandunan dutse a gindi da shimfiɗarsu, a kwantar da gaɓar sama a dasa jema, a cusa bakunan aikin cikin tudu. Daga nan zuwa gonakin albasa, inda kogi ya miƙe, sassabe da jema da aikin gayya sun wadatar. Gonakin da ke can ƙasa a bar su, a taimaka wa masu su da wani fili idan ruwa ya ci. Katangar siminti a ajiye ta sai ranar da gwamnati ko wani shiri irin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasa da Bankin Duniya ke tallafa wa, ya zo da injiniyoyi da kuɗin da za su yi ta da harsashinta, kuma ba laifi ƙungiya ta rubuta takardar neman hakan tun yanzu, ta kai kofi ga hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Aikin dutse sai ruwa ya yi ƙasa sosai, wato tsakiyar rani, jema kuma a raine ta a lambu tun yanzu a dasa ta da wuri ana ba ta ruwa, domin ta kama ƙasa kafin kogi ya cika a watan Agusta. Kafin tifar farko ta sauke dutse, ina ganin ya kamata Dagaci da Liman da Sarkin Ruwa su tsallaka su gana da takwarorinsu na tsallake da na garin ƙasa, a nuna musu inda za a sa kowane kwando, a kuma kafa turaku a bakin gaɓoɓinmu da nasu, domin bayan damina a auna a ga taku nawa ruwa ya ci a kowane wuri.